Wahalar da Jiki da Sunan Tuba: Al'adar Katolika da Hukuncin Shari'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya halicci jiki Ya busa masa rai, Ya ba ɗan Adam ajiyarsa zuwa wani lokaci sananne. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu karatu, abu biyu ne suka haɗu a kanmu cikin wata guda, su ne dalilin wannan darasi. A shekarar 2025 azumin Ramadan ya kama a farkon watan Maris, Kiristoci mabiya Katolika kuma suka shiga nasu azumin na kwana 40 ranar 5 ga wannan watan, ranar da suke kira Larabar Toka. A cikin waɗannan kwanaki ɗalibanmu na makarantar dare a Tasawa suka zo mana da wani bidiyo a cikin salula, wanda aka ɗauka a ƙasar Filifin, na waɗansu mutane suna tafe bisa titi suna dukan bayansu da bulala har jini yana zuba, ana kuma kafa wa wani ƙusa a tafin hannu. Mafi yawan yaran dariya suka yi. Ɗaya daga cikinsu bai yi ba, ya dakata sai da aka watse ya ce, "Malam, ashe waɗannan ba su fi mu tsoron Allah ba? Mu zunubi muke yi mu ce astagfirullah mu tashi, su kuwa dubi abin da suke biya."

Abu na biyu ya fi na farko nauyi. Wani saurayi daga wani ƙauye na yankin Mayahi, wanda ya shekara uku yana neman kuɗi a Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, mahaifinsa ya kawo mana shi bisa amalanke domin ba ya iya tsayuwa. Tun da ya komo gida ya yi bakance cewa ba zai sake kwana bisa tabarma ba, ba zai zauna inuwa da rana ba, kuma zai yi ta azumi babu yankewa har Allah Ya gafarta masa wani zunubi da ya ƙi faɗa wa kowa. Da aka ɗaga rigarsa sai aka tarar da igiyar kaba ɗaure a ƙugunsa, ta ci fata har wurin ya yi ruwa. Za mu komo ga labarinsa nan gaba. Wannan yaro bai taɓa shiga coci ba, bai kuma san wani fada ba. Tunanin da ya kai shi ga igiya yana nan a zuciyar ɗan Adam ko'ina yake, watau cewa laifi bashi ne, ciwo kuma shi ne kuɗin biyansa. Katolika suna daga cikin waɗanda suka fi tsara wannan tunani da rubuta shi da gwada shi shekaru aru-aru, shi ya sa muka ga ya kamata mu fara da su.

Sai dai tun da farko mu faɗi wata magana. Kiristoci a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma maƙwabtanmu ne, daga cikinsu akwai ƴan ƙasa, akwai ma'aikata da masu sana'a daga Benin da Togo da Burkina Faso. Cocin Katolika ta kafa diyosis ɗin Maradi a 2001, bishop ɗinta na farko kuwa shi ne Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Ba mu rubuta wannan don a sami abin yi musu izgili ba. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta hana mu jayayya da Ma'abuta Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau, kuma duk wanda ya tuna abin da ya sami majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ya san cewa wutar da jahilci yake kunnawa ba ta tsayawa inda aka nufa.

Abin da suke yi da dalilinsu

Kalmar da suke kiran wannan aiki da ita ta samo asali daga Latin, ma'anarta kuwa kashewa. Suna nufin kashe sha'awar jiki, domin a cikin wasiƙun Bulus da ke Sabon Alkawari akwai kira ga mai bi da ya kashe ayyukan jiki, akwai kuma inda Bulus yake faɗin yadda yake horon jikinsa don ya mallake shi. A kan wannan suka gina abu mai hawa-hawa. Matakin ƙasa shi ne wanda aka wajabta wa kowa: barin cin nama ranar Juma'a, musamman a cikin kwana 40 ɗin nan, da azumi a rana biyu, watau Larabar Toka da Juma'ar da suke tunawa da gicciye Annabi Isa (A.S.) bisa aƙidarsu. Azumin nasu ba irin namu ba ne, domin mutum yana shan ruwa, yana cin cikakken abinci sau ɗaya, yana kuma iya ɗan taɓa wani abu kaɗan sau biyu. Paparoma Bulus na 6 ne ya sassauta tsohon tsari a 1966, dokar cocinsu ta 1983 kuma ta ɗora barin nama a kan wanda ya cika shekara 14, azumi kuwa daga shekara 18 har mutum ya shiga ta 60.

Sama da wannan akwai abin da ba a wajabta wa kowa ba sai wanda ya zaɓa, mafi yawansu ruhubanawa maza da mata. Akwai kwana a ƙasa da taƙaita barci. Akwai riga mai kaushi ta gashin akuya da ake sawa a ƙarƙashin tufafi don ta riƙa ƙaiƙayin fata, suna ce mata silis, daga sunan Kilikiya, wani yanki na kudancin Turkiyya ta yau inda ake saƙa irin wannan tsumma. Masu tarihi sun ruwaito cewa da aka kashe babban limamin Kantabari na Ingila, Tomas Beket, a 1170, an tarar da irin wannan riga a ƙarƙashin tufafinsa na alfarma. Daga baya sunan ya koma kan wata ƴar sarƙa mai ƙananan ƙayoyi na ƙarfe da ake ɗaurawa a cinya. Akwai kuma bulala ta igiya mai ƙulle-ƙulle da mutum yake dukan kafaɗunsa da ita muddin karanta wata addu'a. Kada wani ya ɗauka cewa wannan duk labarin da ne. Ƙungiyar Opus Dei, wadda wani fada ɗan Sifaniya mai suna Josemaría Escrivá ya kafa a 1928, ta shahara da cewa mabiyanta marasa aure suna ɗaura sarƙar awa biyu a yini. A 2010 kuma, fadan da ya jagoranci binciken rayuwar Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya bayyana a cikin wani littafi cewa marigayin yakan kwana a ƙasa, yakan kuma doki kansa da ɗamara.

To me suke nema da wannan? A koyarwarsu, wadda majalisar malamansu ta Tirento ta tabbatar a zamanta na 1551, tuba tana da sassa: nadama, da faɗin zunubi a gaban fada, da gafarar da fada yake furtawa, da wani aiki da ake ɗora wa mai tuba don ya gyara abin da ya ɓata. Suna cewa ko bayan an gafarta zunubi akwai sauran hukunci na ɗan lokaci a kan mutum, wanda zai sauke a duniya, ko a wani matsayi na tsarkakewa bayan mutuwa kafin shiga Aljanna. Sa'an nan, tun da sun yi imani cewa wahalar Almasihu bisa gicciye ita ce fansar duniya, sai suka ga cewa mai bi yana iya haɗa tasa wahalar da ta Almasihu, har ma ya miƙa ta a madadin waɗansu masu zunubi. Nan jijiyar al'amarin take. Wanda bai fahimci wannan ba zai ga bulala ne kawai, ya ce hauka ce, alhali kuwa reshe ne da ya tsiro daga wata saiwa ta aƙida.

Al'adar tsohuwa ce. Antoniyos na Masar, wanda ya rasu a 356, ya bar dukiyarsa ya shiga hamada, mutane suka bi shi har ya zama uban ruhubanawa. Sam'anu na ƙasar Sham, wanda ya rasu a 459, ya yi fiye da shekara 30 a kan wani ginshiƙi kusa da Halab, rana da sanyi, kuma kufan ginin da aka yi a wurin ana kiransa Ƙal'atu Sam'an. Bitrus Damiyan, wanda ya rasu a 1072, shi ne ya yaɗa dukan kai da bulala a gidajen ruhubanawa. A 1260 abin ya fito titi a garin Peruja na Italiya, da annobar nan mai kisa ta auka wa Turai a 1348 da 1349 kuma sai ga ayari-ayari na mutane suna bin garuruwa suna dukan kansu don Allah Ya ɗauke fushinSa.

Adalci ya sa mu faɗi cewa cocin da kanta ta sha taka wa abin burki. Paparoma Kelement na 6 ya haramta waɗancan ayarori a 1349. An ruwaito cewa Faransis na Asizi, wanda ya rasu a 1226, yakan kira jikinsa ɗan'uwa jaki, da ajali ya matso kuma ya yarda cewa ya zalunci jakin. Ignatiyus na Loyola ya lalata lafiyarsa da yunwa a farkon tubarsa a 1522, daga baya ya riƙa hana mabiyansa wuce iyaka. Ƙa'idarsu ita ce kada kowa ya yi irin wannan sai da izinin mai yi masa jagora, kada kuma ya kai ga cutar da lafiya. Abin da yaranmu suka gani na Filifin kuwa, shugabannin cocin ƙasar sun daɗe suna cewa ba koyarwarsu ba ce. Kuma littafin koyarwarsu ya wajabta wa mai tuba ya mayar da abin da ya sata, ya wanke sunan wanda ya yi wa ƙazafi. Mu riƙe wannan na ƙarshe, za mu bukace shi.

Inda muka rabu da su

Alƙur'ani bai yi wa ruhubanawa kuɗin goro ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 82, ya yaba wa waɗansu limaman Kirista da ruhubanawa da rashin girman kai, kuma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar (R.A.) ya umurci rundunar Sham da ta ƙyale waɗanda suka tsare kansu a ɗakunan ibada. Amma a Suratul Hadid, aya ta 27, Allah Ya bayyana cewa ruhubananci su ne suka ƙaga shi, ba Shi Ya wajabta musu ba, ko da yake yardarSa suka nufa, kuma ba su iya tsare shi yadda ya kamata ba. Wannan ita ce amsar farko ga ɗalibinmu. Niyya tana iya zama kyakkyawa, tsoron ma yana iya zama na gaskiya, amma ibada ba ta karɓuwa da niyya kaɗai, sai ta dace da abin da Mai ibadar Ya shar'anta.

Saiwar da muka ambata kuwa babu ita a Musulunci. Annabi Adamu (A.S.) ya yi kuskure, ya tuba, Allah Ya karɓa tun a lokacin, kamar yadda Suratul Baƙara ta nuna a aya ta 37, don haka babu zunubin gado da ake jiran a fanshe shi da jini. Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta kore kashe Annabi Isa da gicciye shi, Suratul An'am kuma, aya ta 164, ta tabbatar da cewa babu mai ɗaukar nauyin wani. Idan aka cire waɗannan, me ya rage wa bulala? A aya ta 147 ta Suratun Nisa'i Allah Ya yi tambayar da ta rufe ƙofar baki ɗaya, inda Ya nuna cewa babu wata bukata da Yake da ita ga azabtar da bawan da ya gode ya yi imani. Gaskiya ne an taɓa ɗora wa wata al'umma tuba mai tsanani, domin Bani Isra'ila da suka bauta wa maraƙi an umurce su da kisa a tsakaninsu, amma Suratul A'araf, aya ta 157, ta siffanta Annabinmu da cewa shi ne mai sauke irin waɗannan kaya da ƙuƙumai daga wuyan mutane.

Sahabbai ma wannan tunani ya zo musu, domin mutane ne masu tsananin tsoron Allah, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum mai suna Abu Isra'ila, wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya gani tsaye cikin rana yana huɗuba. Da ya tambaya aka ce ya yi bakance ne ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya sa aka gaya masa ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Dubi yadda aka tankaɗe bakancen: abin da yake ibada ne a asali aka bar masa, abin da yake wahala ce zalla aka zubar. Imamu Malik ya lura cewa ba a umurci mutumin da wata kaffara ba saboda abin da ya bari, kuma a kan haka mazhabarmu take.

Wata rana kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, idan ta gaji da sallar dare sai ta riƙe ta. Ya sa aka kwance, ya yi umurni mutum ya yi salla muddin yana da nishaɗi, in ya gaji ya zauna. Ya ga wani tsoho ana jansa tsakanin ƴaƴansa biyu domin ya yi alwashin tafiya Makka a ƙasa, ya nuna cewa Allah Mawadaci ne ga barin wannan azaba, ya umurce shi ya hau abin hawa. Ya hana wisali, watau haɗa azumin kwana biyu babu buɗa baki. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (R.A.) ya so ya yi ta azumi kullum, aka yi ta rage masa har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha, aka kuma tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. Da ya tsufa ƙarfi ya ƙare, shi da kansa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen.

Wani zai ce, to ai azumi ma wahala ne. Wanda ya yi Ramadan na 2019 zuwa 2022 a nan ƙasar, lokacin da ya faɗo cikin bazara, zafi yana haura 40, ba ya bukatar a faɗa masa. Haka ne. Amma Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya warware wannan a cikin Muwafaƙat, inda ya nuna cewa bawa yana nufin aikin da aka umurce shi, idan wahala ta biyo aikin sai a ba shi ladarta, amma ba ya halatta ya nufi wahalar ita kanta. Wanda ya tashi da asuba a cikin hunturu bai sami ruwa ba sai na randa, ya yi alwala yana rawar sanyi, yana da lada mai yawa. Wanda matarsa ta ɗumama masa ruwa ya ture ya tafi randa don ya sha wuya, bai ƙara kome ba sai mura. Haka nan ciwo da rashi da Allah Yake jarrabar bawa da su suna kankare zunubi, ko da ƙaya ce ta soke shi, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Amma ƙayar da ta same ka a gona daban, wadda ka ɗauka ka soka wa kanka daban.

Kaffara, da wanda take amfana

A ganinmu babu abin da ya fi bayyana nufin Shari'a a wannan babi kamar tsarin kaffarori, kuma abin mamaki ne yadda muke karanta su a Risala tun muna yara ba mu lura ba. Ɗauki kaffarar rantsuwa a Suratul Ma'ida, aya ta 89. An fara da ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko ƴanta bawa. Azumin kwana uku bai zo ba sai a ƙarshe, ga wanda bai sami ko ɗaya daga cikin waɗancan ba. Attajirin da ya karya rantsuwa ya ce zai yi azumin kwana uku, bai yi kaffara ba. Ɗauki ta wanda ya karya azumin Ramadan da gangan. A mazhabar Malik an ba shi zaɓi tsakanin ciyar da miskinai 60, da ƴanta bawa, da azumin wata biyu a jere, amma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana cewa ciyarwa ita ce aka fi so. Kowane miskini mudun Annabi ɗaya, watau mudu 60, kwatankwacin zakkar fid-da-kai ta mutum 15. A kisan kuskure kuwa, Suratun Nisa'i aya ta 92 ta haɗa kaffara da diyya, domin azumin wata biyu ba ya ciyar da marayun mamaci.

Ma'anar wannan a fili take. Shari'a ta fi son zunubinka ya zama tuwo a cikin ƙwaryar mai yunwa da ya zama tabo a bayanka. Bulala tana cikin Shari'a, amma a hannun alƙali take, bayan shaida da sharuɗɗa masu tsauri, babu inda aka miƙa ta ga mutum ya yanke wa kansa hukunci ya zartar.

Sharuɗɗan tuba kuwa duk wanda ya fara Ahalari ya same su a shafin farko: nadama a kan abin da ya wuce, da barin saɓon nan take, da niyyar ba za a koma ba, sa'an nan mayar da haƙƙoƙin mutane. Babu ciwon jiki a cikinsu. Ciwon da aka nema na zuciya ne.

Mu duba cikin gidanmu

Kada mu ɗauka cewa cutar ta maƙwabta ce kaɗai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Ihya'us Sunna, da ya zo babin tasawwufi ya lissafa daga cikin bidi'o'in da aka haramta ɗaure jiki da ƙarfe ko igiya da ƙona shi da wuta don tsanantawa, dalilinsa kuwa cutar da kai ne. Kakanninmu na Maradi da Tasawa sun yi shekaru suna yaƙi da Sakkwato, wannan tarihi ne, amma littattafan Shehu a zaurukanmu ake karanta su, kuma a wannan mas'ala babu mai ja da shi. Manyan sufaye irin su Imamu Gazali sun yi maganar rage ci da rage barci don horon rai, sun kuma sa masa ma'auni da tsaka-tsaki. Abin da muke gani yau daban ne: a sa yaro halwa kwana 40 da ɗan gumba da ruwa kaɗan don ya sami buɗi ko wani asiri, ya fito hankalinsa ya taɓu, a ce aljanu ne. Masu dukan ƙirji da saran kai ranar Ashura ma, daga cikin manyan malamansu akwai waɗanda suka hana fid da jini, kamar fatawar da Ali Khamene'i ya bayar a 1994. Sharon Fulani ba ya cikin wannan babi, domin ba da sunan tuba ake yinsa ba, hukuncinsa sai wani darasi.

Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce wata mata mai goyo da mijinta ya kawo ƙararta. Babban ɗanta ya rasu da zazzaɓin damina, ta ɗora wa kanta laifin jinkirin kai shi likita, wata tsohuwa kuma ta ce mata sai ta yi azumin wata biyu. Ta kama, nono ya ƙafe, jaririn ya fara ramewa. Mu da muka ga yunwar 2005 a wannan jiha, muka ga yadda ake jera yara a sansanonin ciyarwa, mun san inda wannan rama take ƙarewa. Muka ce mata mutuwar zazzaɓi ba kisa ba ce, babu kaffara a kanta. Ko azumin Ramadan da yake farilla, Risala ta ba mai shayarwa damar ta sha idan ta ji wa ɗanta tsoro kuma babu wata mai shayar da shi, ta rama daga baya ta ciyar da mudu ɗaya a kowace rana. To ina ga azumin da Allah bai ɗora mata ba? Nonon nan haƙƙin mai rai ne, ba nata ba ne balle ta biya bashi da shi.

Akwai wata hujja da masu ilimi daga cikin ɗalibai sukan kawo, kuma ta cancanci amsa. Abu Lubaba (R.A.), bayan kuskuren da ya yi a al'amarin Banu Ƙuraiza, ya ɗaure kansa a jikin wani ginshiƙi na masallacin Madina, ya rantse ba zai kwance ba sai Allah Ya karɓi tubarsa, kuma aka karɓa. Alhazanmu suna ganin wurin a cikin Rauda, ana ce masa ginshiƙin tuba. Amsa ita ce, ba Manzon Allah (S.A.W.) ya sa shi ba, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da ya ji labari ya nuna da Abu Lubaba ya zo wurinsa da ya nema masa gafara. Nadamarsa aka karɓa, igiyar ba ta zama sunna ba, babu sahabin da ya mai da ita hanyar tuba ga al'umma. Da ya so ya fita daga dukiyarsa duka don godiya ma, sai aka ce sulusi ya ishe shi.

Mu koma ga saurayinmu na Mayahi. Mun sa aka kwance igiyar aka kai shi likita, domin mutum ba ya jin wa'azi da ƙishirwa. Bayan kwana huɗu ya komo shi kaɗai. Muka karanta masa labarin Abu Isra'ila, ya saurara, amma muka ga bai sami natsuwa ba. Muka ce, "Ɗana, zunubin nan tsakaninka da Allah ne kaɗai, ko akwai mutum a ciki?" Ya yi shiru mai tsawo. Ashe wani abokin zamansa ne a Tamanraset ya kwanta ciwo, da ya ga ba zai tashi ba ya damƙa masa abin da ya tara, kuɗin da za su sayi bijimin noma har su yi saura, ya ce ya kai wa matarsa da ƴaƴansa a wani ƙauye wajen Kanembakashe. Babu shaida ko ɗaya. Ya komo ya sayi babur da su yana kabu-kabu. Ya ce, "Wallahi Malam, igiyar ta fi mini sauƙi da in tsaya gaban matar nan in faɗa mata."

Ba mu taɓa jin maganar da ta fi wannan gaskiya a kan wannan mas'ala ba. Muka ce masa ko fadan Katolika ya je wa da wannan labari, zai ce masa ya mayar da kuɗin tukuna, balle Shari'ar da ta ce ranar sakamako da ladar mutum ake biyan waɗanda ya zalunta. Bakancensa bai lazimce shi ba sai abin da yake ibada a cikinsa gwargwadon ikonsa, amanar kuwa ta lazimce shi har kabari.

Ya sayar da babur ɗin ranar kasuwa, kuɗin bai kai ba domin ya ci hanya. Mahaifinsa ya raka shi, da mu, da wani dattijo na ƙauyensu. Matar ta saurara daga bayan zana har ya gama, ba ta ce ta yafe ba, ta ce dai ta ji. Ƙanin mamacin ya so ya kai maganar gaban hukuma, mai gari ya roƙe shi ya dakata. Abin da ya rage an ƙiyasta shi da damman hatsi, aka rubuta a takarda gaban shaidu biyu cewa zai biya rabi bayan kakar wannan shekara, rabi bayan ta gaba. Ya biya na farkon. Allah Ya ba shi ikon cika na biyun.